Babbar Memori Ko Rumbun Intanet: Wanne Ya Fi Dacewa Da Mai Waya A Legas?

Kwanakin baya ƙanen mahaifina, wanda yake sana'ar tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12, ya kira ni da wayar maƙwabcinsa bayan sallar isha'i, ya shaida mini cewa an zare masa waya daga aljihu a cikin danfo, wato motar haya. Kuɗin wayar bai dame shi ba kamar abin da ke cikinta: hotunan takardun bashin da yake bin masu sari, da saƙonnin muryar direbobin da ke kawo masa kaya daga Kano da Zariya, da bidiyon sunan jikarsa ta fari. Ya ce, “Ɗana, yaron shago ya ce mini wayar nan tana da memori mai yawa, shi ya sa na ƙara kuɗi na saye ta.” Na ce, “Baffa, ai memorin ya tafi tare da ɓarawon.” Bayan kwana biyu ya sake kira yana neman shawara: ya sake sayen waya mai GB 256, ko ya sayi mai GB 128 ya riƙa biyan kuɗin ajiya a intanet duk wata? Amsar ta fi ƙarfin i ko a'a.

Me ake nufi da wayar da ta dogara da intanet?

Abin da Turawa suke yi wa laƙabi da gajimare ba komai ba ne illa manyan kwamfutoci na wani kamfani, a wani gini mai nisa, waɗanda wayarka take aika musu kwafin hotuna da takardu ta hanyar intanet. A nan zan kira shi rumbun intanet, domin aikinsa ke nan. An taɓa ƙera waya musamman a kan wannan tunani. A 2016 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Nextbit ya fitar da wayar Robin, mai GB 32 a cikinta da GB 100 a intanet, kuma idan wuri ya fara cika sai ta kwashe hotuna da manhajojin da aka daɗe ba a taɓa ba ta kai su rumbu da kanta. Dabarar ta burge mutane, amma a farkon 2017 kamfanin Razer ya saye Nextbit, ran 1 ga Maris 2018 kuma aka rufe rumbun baki ɗaya. Yau kowace wayar Android ko iPhone tana iya yin kusan abin da Robin ta yi, saboda haka zaɓin ya koma kan wurin ajiya, ba kan sunan waya ba.

Ma'aunan da za a bi

Na farko shi ne kuɗi, kuma a Legas kuɗin rumbun intanet kashi biyu ne: abin da kamfani yake karɓa duk wata, da datar da za ka ƙona wajen ɗora kaya da sauko da su. Mutane da yawa kashi na farko kawai suke lissafawa. A saitin kyamarar iPhone an nuna cewa bidiyon minti ɗaya mai ingancin 1080p yana cin kusan MB 60, mai 4K kuma kusan MB 170. Ke nan bidiyon biki na awa ɗaya zai kai GB 3.6 a na farko, ya haura GB 10 a na biyu, kuma daidai wannan adadin data zai fita daga layinka idan ba ka kan Wi-Fi. Tun da hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi na kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, wannan lissafi ya ƙara nauyi.

Na biyu shi ne ƙarko, wato shekara nawa abin zai yi yana nan ba tare da ya lalace ko an rufe shi ba. Na uku sauƙin amfani, musamman lokacin da sabis ya ɗauke. Duk da cewa Legas ce mashigar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, ciki har da Equiano na Google da ya iso a 2022, kuma a nan MTN ya ƙaddamar da 5G a shekarar, ba mu manta da ran 14 ga Maris 2024 ba, lokacin da wasu daga cikin wayoyin suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta tangal-tangal har bankuna suka ji a jikinsu. Na huɗu shi ne haɗari: sata, ruwa, kutse da mantuwa. Na ƙarshe kuma, idan ka gaji da wuri ko ka sauya waya, kwashe kayanka zai zo da sauƙi?

Waya mai babbar memori a cikinta

Wannan ne zaɓin da masu shago a Computer Village ta Ikeja suka fi tallatawa, kuma ba laifi ba ne. Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfanin Transsion na ƙasar Sin ne yake ƙera su, sun sa GB 128 da GB 256 sun zama abin da mai matsakaicin ƙarfi zai iya saya. Sau ɗaya ake biya, babu kuɗin wata, babu cin data, kuma ko kana tsakiyar gadar Third Mainland cikin cunkoso sabis ya yi ƙasa, hotonka zai buɗe nan take. Ta fuskar sauƙi babu na biyunsa. Rauninsa ɗaya ne, amma babba ne: kwafi ɗaya tak kake da shi, kuma yana cikin abin da kake yawo da shi a aljihu a garin da damina take cika tituna da ruwa, ga kuma masu dogon hannu a tashoshin mota. Idan injin wayar ya ƙone, mai gyara ba kasafai yake iya ciro komai ba, domin wayoyin zamani suna kulle bayanansu da lambar sirrin mai su. Babbar memori tana magance ƙarancin wuri ne kawai, ba ta magance asara.

Katin memori

Katin memori shi ne mafi araha idan aka kwatanta da yawan wurin da yake bayarwa, kuma yawancin wayoyin da talakawa suke riƙewa har yanzu suna da gurbinsa. iPhone ba ta taɓa samun wannan gurbi ba, Samsung ma ta cire shi daga manyan wayoyinta na jerin Galaxy S tun daga S21 a 2021. Amfaninsa a fili yake: waya ta mutu, ka zare kati ka sa a wata.

Sai dai a nan ne jabu ya fi yawa. Na taɓa sayen kati a hannun wani mai talla a bakin titi, an rubuta GB 128 a jikinsa, waya ma ta nuna haka. Na yi wata biyu ina zuba hotuna hankali kwance, sai ranar da na nemi hotunan ɗaurin auren ƙanwata na tarar da su sun zama baƙaƙen akwatuna da ba sa buɗewa. Ainihin wurin da ke cikin irin wannan kati ɗan kaɗan ne, an yi masa dabara ne ya riƙa faɗin ƙarya, kuma da zarar ya cika sai kayan su fara lalacewa ba tare da wata sanarwa ba. Araha dai ba ta ado. Hanyar gwaji ita ce a cika katin taf da manyan bidiyoyi tun ranar farko, sannan a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe a gani ko suna tafiya. Ko katin gaske ma yana gajiya da yawan rubutu da gogewa. A kula da wani abu kuma: idan waya ta tambaye ka ko ta haɗe katin da memorinta na ciki ka amince, to katin ya ɗaure da wannan wayar, ba zai karantu a wata ba. Kuma ɓarawo ba ya zare kati ya miƙa maka kafin ya gudu.

Rumbun Google

Duk mai Gmail yana da GB 15 kyauta, wanda ya ninka na Apple sau uku, amma imel da Drive (wurin ajiye takardu) da Google Photos (wurin ajiye hotuna) duk daga tukunya ɗaya suke ci. Da can Google Photos yana karɓar hotuna ba iyaka idan an yarda ya ɗan rage ingancinsu, amma an daina wannan tun 1 ga Yunin 2021. Daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024 kuma ajiyar hirarrakin WhatsApp na masu Android ta fara shiga cikin lissafin wannan GB 15. Wanda yake cikin zaurukan unguwa da na kasuwa da na 'yan makaranta, ana ta turo wa'azi da bidiyon barkwanci, zai ga wurin ya cika da wuri idan bai kashe ajiyar bidiyo a saitin WhatsApp ba.

Idan ya cika, sai a koma Google One, wato tsarin Google na biyan kuɗi don ƙarin wuri. A Amurka GB 100 dala 1.99 ne a wata, TB 2 (kusan GB dubu biyu) kuma dala 9.99, farashin naira kuwa yana fitowa a cikin manhajar, kuma yakan sauya da yanayin canji. Za a iya raba wurin da mutum biyar, kowa da asusunsa, ba tare da wani ya ga kayan wani ba, wanda hakan ke rage nauyi ƙwarai idan 'yan gida ɗaya suka haɗa kuɗi. Ta fuskar ƙarko, babu kati ko waya da za su kai shi, domin kamfanin yana riƙe kwafi fiye da ɗaya. Yana aiki a Android da iPhone da kwamfuta, kuma akwai Google Takeout ga mai son sauko da kayansa duka. Idan ka daina biya ba a goge kayanka nan take, amma muddin ka haura iyakar kyauta ba za ka iya ɗora sabo ba, Gmail ɗinka ma zai daina aikawa da karɓar saƙo, kuma idan aka shekara biyu a haka kamfanin yana da damar gogewa.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne rashin gane cewa Google Photos madubi ne, ba sito ba. Idan ka goge hoto daga cikin manhajar, an goge shi a rumbu ma, sai dai ka ceto shi daga kwandon shara kafin wa'adinsa ya ƙare. Mai son rage wa waya kaya ya yi amfani da maɓallin samar da wuri da ke cikin manhajar, wanda yake cire kwafin waya kawai ya bar na rumbu.

iCloud

GB 5 kawai Apple yake bayarwa kyauta, kuma bai ƙara ba tun da aka fara rumbunsa na iCloud a 2011. Wannan ba ya isar kowa. GB 50 a Amurka santi 99 ne a wata, GB 200 dala 2.99, TB 2 dala 9.99, a 2023 kuma aka ƙara TB 6 da TB 12. A cikin iPhone babu abin da ya kai shi santsi: yana ajiye kusan duk tsarin wayar, kuma zai iya barin ƙananan kwafin hotuna a waya ya kai manyan rumbu, har mai GB 64 ya samu sararin numfashi. Amma ranar da data ta ƙare, sai ka taɓa bidiyo ya yi ta juyi bai buɗe ba. Mai son ƙarin sirri zai iya kunna tsarin kariyar da Apple ya kawo a ƙarshen 2022, wanda da shi ko kamfanin ba ya iya karanta hotunan, sai dai idan mabuɗin ya ɓace babu mai buɗe maka. Babu manhajar iCloud a Android, saboda haka wanda yake tunanin wata rana zai koma Tecno ko Samsung ya san da wannan. Mai sayen iPhone tokumbo kuma ya tabbata an cire asusun mai ita na farko a gabansa, in ba haka ba wayar za ta iya kulle masa, ya zama ya sayi madubin duba fuska.

Sauran wurare

OneDrive na Microsoft yana ba da GB 5 kyauta, kuma ya fi dacewa da wanda dama yake biyan Microsoft 365 saboda Word da Excel, tunda TB 1 yana zuwa a cikin kuɗin. Dropbox GB 2 ne kyauta, bai kai a tsaya a kansa ba. Telegram kuwa mutane da yawa sun mayar da shi rumbu, suna tura wa kansu fayil har mai GB 2 ba tare da biyan ko sisi ba. Yana aiki, amma banza ba ta kai zomo kasuwa: ba a gina shi don ajiya ba, babu alkawarin da aka yi maka, hirarrakinsa na yau da kullum ba a kulle suke ta yadda kamfanin ba zai iya gani ba, kuma asusun yana goge kansa idan aka daɗe ba a shiga ba. Ya yi daidai da karatuttuka da littattafan da za a iya sake samu, ba takardar fili ba. Akwai kuma ƙananan wayoyi masu maɓalli, irin Nokia 3210 da kamfanin HMD ya sake fitarwa a 2024, waɗanda suke nuna gajerun bidiyoyi da labarai ta hanyar kwamfutocin nesa. Waɗannan aiki suke aro daga intanet, ba wurin ajiya ba, kada sunan ya ruɗi mai saye.

| Hanya | Kyauta | Yadda ake biya | Ƙarko | Idan babu intanet | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Memorin cikin waya | Babu | Sau ɗaya | Iyakar ran wayar | Yana aiki | Sata, ruwa, ƙonewar inji |
| Katin memori | Babu | Sau ɗaya, da araha | Matsakaici | Yana aiki | Jabu, sata tare da waya |
| Google | GB 15 | Duk wata ko shekara, da data | Mai ƙarfi | Sai abin da ke waya | Rasa asusu, goge hoto daga waya da rumbu tare |
| iCloud | GB 5 | Duk wata, da data | Mai ƙarfi | Sai abin da ke waya | Rasa asusu, wahalar ƙaura |
| OneDrive | GB 5 | Duk wata ko shekara, da data | Mai ƙarfi | Sai abin da ke waya | Rasa asusu |
| Telegram | Fayil har GB 2 | Data kawai | Babu tabbas | Sai abin da aka sauke | Layi ya koma hannun wani |

Abin da jadawali bai nuna ba

A ganina, babban haɗarin rumbun intanet a wurin mutanenmu ba 'yan kutse ba ne, mabuɗi ne. Sau da yawa yaron shago ne yake buɗe wa mai saye Gmail a tsaye, ya ƙirƙiro kalmar sirri daga kansa, wani lokaci ma ya sa lambarsa a matsayin lambar ceto, mai waya ya tafi bai san ko sunan imel ɗin ba. Haka aka yi wa Baffa. Wataƙila hotunansa suna nan a rumbu har yanzu, amma babu mai iya buɗe ƙofar. Ga kuma masu tafiya gida noma da damina su bar layi wata da watanni ba a amfani da shi, alhali kamfanin sadarwa yana da damar karɓe layin da ya daɗe a kwance ya sayar wa wani, kuma ta wannan layin ne lambar tabbatarwa take zuwa. Google ma tun Disambar 2023 yana iya goge asusun da aka shekara biyu ba a shiga ba. Saboda haka a yi rajistar layi da NIN ɗin mai shi, ba na wani ba, domin shi ne zai ba ka damar dawo da lambar bayan sata, a rubuta imel da kalmar sirri a takarda a ajiye inda ake ajiye muhimman takardu, a kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri kafin a shiga asusu.

Sai batun biya. A 2022 bankuna da yawa sun dakatar da amfani da katin naira wajen biyan kamfanonin waje, sai a 2025 wasu suka dawo da shi. Kafin ka kwashe kayanka ka kai rumbu, gwada katinka da ƙaramin tsari na wata ɗaya, kuma inda ake karɓar kuɗin shekara a dunƙule, hakan ya fi kwanciyar hankali ga wanda asusunsa na banki ba kullum yake da kuɗi ba.

Wa ya dace da wanne?

Ɗan kasuwa a Mile 12 ko Alaba Rago ko mayankar Oko-Oba, wanda dukiyarsa a waya rasiti ne da lambobi da saƙonnin murya, ba ya buƙatar biyan komai da farko. GB 15 na Google zai ɗauke shi shekaru idan ya kunna ajiyar lambobi da hotuna da WhatsApp, ya kashe ta bidiyo. Mai gadi ko mai tura baro da datarsa ta kwana ɗaya ce, ya kai lambobinsa da hoton katin shaidarsa rumbu, tunda ba su da nauyi, karatu da waƙa kuma ya zuba su a katin memori na gaske. Ɗalibi a Akoka ko Ojo ya ajiye aikin makaranta a Drive ko OneDrive, ya saita wayar kada ta ɗora hotuna sai ta hau Wi-Fi. Magidanci mai iyali a Agege ko Idi-Araba, da ke da waya huɗu ko biyar a gida, tsarin GB 200 guda ɗaya da za a raba ya fi masa araha a kan kowa ya sayi babbar waya. Mai iPhone da ba ya da niyyar barin ta ya biya GB 50 na iCloud a ƙalla, wanda kuma zuciyarsa take rawa tsakanin iPhone da Android ya riƙe Google Photos. Mai ɗaukar hoton biki, wanda aikin Asabar ɗaya zai iya cinye gomman GB, shi ne kaɗai nake ganin babbar memori ta zama masa dole, tare da faifan ajiya na kwamfuta a gida, rumbun intanet kuma ya bar shi ga aikin da ya gama tacewa.

Baffa dai mai GB 128 ya saya. Da rarar kuɗin muka sayi kati a shagon da ya ba mu rasiti, muka cika shi muka gwada a gaban mai shagon, sannan muka je aka dawo masa da tsohon layinsa. Sabon imel ɗin ni na buɗe masa da lambarsa, shi kuma ya rubuta kalmar sirrin da ajami a bangon littafin bashinsa, ya ce in sake rubuta wani kwafin in kai wa Inna ta ajiye a akwatinta.